BAJON ABACHA DA REDIYON BABANA

Shekaranjiya ɗan yayata, yaron da aka haifa bayan 2000, ya ɗora hoton Janar Sani Abacha gefe da na Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso, ya rubuta a ƙasa cewa Allah ya ba mu irinsu ko na shekara biyar ne. Kafin la'asar masu cewa amin sun haura ɗari biyu. Ban ce masa komai a can ba, don ba na son yi wa yaro faɗa a gaban abokansa. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma na taɓa yin wannan addu'ar, kuma ni ba a Facebook na yi tawa ba, mota na hau har Abuja. Ku yi haƙuri, rubutun yana da tsawo.

Bari in fara da abin da yaran nan suke da gaskiya a kai, kada wani ya ce na zo da son rai. A zamanin Abacha mutum yana tashi daga Funtuwa da tsakar dare ya nufi Ɗandume ko Sabuwa ko Faskari, abin da zai ji tsoro bai wuce ɗan fashin hanya ba. Babana yana kwana a gona lokacin cirar auduga. Yau akwai gonakin da masu su suka shekara biyar ba su taka ba, wasu sai sun biya kafin su girbe abin da suka shuka da hannunsu. Wanda ya ga an kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da ɗari uku a Disambar 2020, in ya ce yana son shugaban da ake jin tsoro, ni ba zan kira shi mahaukaci ba. PTF ma da Janar Buhari ya riƙe ta yi aikin da ido ya gani: tituna, magani a asibiti, kujeru da littattafai a makarantu. Hauhawar farashi da ta haura kashi 70 cikin ɗari a 1995 ta sauko ƙasa da kashi 10 a 1997. Duk na yarda.

Abin da nake so in faɗa shi ne yadda aka sarrafa mana tunani, domin wannan ba ya fitowa a hoto.

Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba 1993, ina aji biyu na sakandare. Ya rushe majalisu da jam'iyyu, ya sauke gwamnonin farar hula, mu a Katsina aka kawo mana Kyaftin Emmanuel Acholonu na sojan ruwa, daga baya Kanar Sama'ila Bature Chamah. A 1994 ya rufe jaridun Guardian da Punch da Concord, ya kulle Abiola, ya sa dokar da ta hana kotu sauraron duk wata ƙara a kan abin da gwamnati ta aikata. Ga kuma tsohuwar doka ta biyu ta 1984 da ke ba da damar a tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas 'yan Ogoni, washegari ƙungiyar Commonwealth ta dakatar da Najeriya. Turai da Amurka suka hana manyan gwamnati biza, suka daina sayar mana da makamai. Mandela ya yi magana mai zafi, Abacha ya fusata ya hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu kare kofin Afirka a 1996, CAF kuma ta hana mu na 1998. Ƙasa ta zama saniyar ware.

To a nan ne aikin ya fara. Mu a Arewa ba da bulala aka koya mana son Abacha ba. Da kalma ɗaya aka kama mu: namu ne. Duk wani abu da ya faru, amsarsa a shirye take. An dakatar da mu daga Commonwealth? Ai Turawa ne ba sa son Musulmi mai taurin kai da ya ƙi cin bashin IMF. Jaridun Legas sun ce an kashe wane? Ai 'yan NADECO ne, Yarbawa, so suke su ƙwace mulki. Bam ya tashi a Legas? Su ne suka dasa. Babu fetur? Maƙiya ne ke yin zagon ƙasa. Ka buɗe Rediyon Kaduna ka ji haka, ka karanta New Nigerian ko Gaskiya Ta Fi Kwabo ka ga haka, ƙarfe tara na dare ka leƙa gidan mai talabijin ka tarar da wata tawagar sarakuna ko malamai ko 'yan kasuwa sun je Aso Rock jaddada goyon baya. Kullum tawaga. Har yau in na ji an ce "jaddada goyon baya" sai in ji wani iri.

Mu mutanen wannan yanki abin ya fi kama mu, don manyanmu na ciki. Marigayi Alhaji Wada Nas, ɗan Funtuwa, tsohon ɗan NEPU, shi ne ministan ayyuka na musamman, kuma babu wanda ya kai shi kare gwamnatin nan da baki. In ya fito ya ce an bankaɗo wata maƙarƙashiya ta 'yan waje, mu magana ta ƙare, ai Malam Wada ba zai yi mana ƙarya ba. Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, shi ne mataimakin shugaban taron tsarin mulki na 1994, daga baya ya shugabanci kwamitin aiwatar da shirin miƙa mulki. Ba na zagin ɗayansu, Allah ya jiƙansu, mutane ne da suka yi wa garuruwansu hidima. Ina dai nuna muku yadda yaro ɗan shekara goma sha bakwai zai duba hagu da dama ya ga duk wanda yake girmamawa yana gefe ɗaya. Ta ina shakka za ta shiga?

Ta rediyon Babana ta shiga. Wata tsohuwar rediyo ce mai cin manyan batura, an ɗaure murfin bayanta da roba. Baba bai yi boko ba, manomin auduga da masara ne, amma ba ya kwana bai ji Landan ba, da safe kuma ya murɗa Jamus ko Amurka. Yana sauraron Kaduna ma, musamman don waƙoƙi da sanarwa. Tsarinsa shi ne ya ji nan ya ji can, sannan ya yi shiru. Ni kuwa a lokacin haushi nake ji. Na taɓa ce masa, Baba, waɗannan fa maƙiyan ƙasarmu ne. Ya dube ni ya ce, to kai ɗin wa ya gaya maka? Na ce a rediyo na ji. Ya ce wace? Ya ci gaba da gyaran eriyarsa.

A daminar 1997 gwamnati ta janye tallafin taki. Wanda ya san ƙasar Funtuwa da Bakori da Ƙafur da Ɗanja ya san masara ba ta yi sai da taki, ƙasar ta riga ta saba. A shekarar Baba ya rage masara ya ƙara dawa, kuma ba shi kaɗai ba. A majalisa aka ce takunkumin Turawa ne ya jawo. Na yarda, har na riƙa maimaitawa. Sai da na girma na san takunkumin nan bai taɓa shafar man fetur ba, Amurka ba ta daina sayen ɗanyen manmu ba ko rana ɗaya, kuma janye tallafin shawara ce da gwamnatin ta yanke da kanta. Haka layin mai da muka riƙa kwana a ciki: matatun ƙasa ne aka bari suka lalace, har da ta Kaduna, aka koma shigo da mai daga waje, har da wani mai wari da in ka shaƙa sai kanka ya sara. Masu cewa dala naira 22 ce a lokacin, eh haka ne a takardar gwamnati. Ɗan kasuwar Funtuwa da zai je sari sama da naira 80 yake saye. Wanda ya samu ta 22 ya juyar a ta 80 shi ne ya san daɗin mulkin.

Sannan aka zo kan Tafida.

Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, shi ne mutum na biyu a gwamnatin Obasanjo daga 1976 zuwa 1979. Yana cikin wakilan taron tsarin mulki, kuma mutanensa ne suka sa taron ya yanke a Disambar 1994 cewa soja su sauka a Janairun 1996. A Maris 1995 aka kama shi, aka ce da hannunsa a yunƙurin juyin mulki, kotun soja ta yi zamanta a ɓoye ta yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 25. Aka kai shi gidan yarin Abakaliki, can ƙasar Ibo, inda ko ziyara sai an sha wuya. Ranar 8 ga Disamba 1997 ya rasu a tsare, yana da shekara 54. Gwamnati ta ce rashin lafiya ne. Magoya bayansa ba su taɓa yarda da haka ba.

A rediyon Baba na ji. Ina tuna yana zaune a kan buhun dawa, ya yi salati, ya kashe rediyon, abin da ba ya yi sai an gama shiri. Ya ce, wannan kuma Bayarabe ne? Bai ƙara ko kalma ba. Wallahi tambayar nan ta fi duk wata lacca da na taɓa ji a jami'a. Bakatsine, Musulmi, ɗan Mutawallin Katsina, janar na soja. In "namu ne" tana kare mutum, wa ya fi shi cancanta? Kuma ba shi kaɗai ba. A Afrilun 1996 an tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki an kai shi Zing a Taraba. Kanar Lawan Gwadabe yana kurkuku. Shehu Sani yana kurkuku. Bagauda Kaltho, ɗan jarida ɗan Billiri da ke aiki a Kaduna, ya ɓace a 1996, sai bayan shekara biyu 'yan sanda suka fito suka ce wai shi ne ya mutu a bam ɗin otal ɗin Durbar. A farkon 1998 wasu manyan Arewa su goma sha takwas, cikinsu har da Lawal Kaita da Iro Ɗan Musa, suka sa hannu a wasiƙa suna ce wa Abacha kada ya gaji kansa, aka kwashe Abubakar Rimi da Sule Lamido aka kulle.

Za ku zaci bayan wannan na farka. Ina! Wata uku da binne Tafida na hau mota zuwa Abuja roƙon Abacha ya zarce. Wannan shi ne abin da nake jin kunyarsa, kuma shi ne dalilin rubutun nan.

Farkon Maris 1998 ne, gangamin da aka kira na mutum miliyan biyu, wanda ƙungiyar YEAA ta Daniel Kanu ta jagoranta. Wani ɗan siyasa a garinmu, ba sai na faɗi suna ba, ya tara matasa ya ce akwai mota kyauta, akwai riga da hula, akwai ɗan abin kashewa. Na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, ban taɓa wuce Kaduna ba. Ƙasar da babu mai, amma ranar motocinmu tankinsu a cike. Muka bi ta Zariya muka wuce Kaduna, ko'ina motoci ne maƙare da irinmu. A Abuja muka sha rana, makaɗa suna ta yi, manya suna hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya suna cewa babu wanda zai iya sai shi. Ban ga Janar ɗin da idona ba. An ba ni bajo mai hotonsa, irin wanda ministoci da manyan ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji a lokacin, na maƙala ina jin kaina wani ne. In ce muku don kuɗi kawai na je, na yi ƙarya. Da na ji ihun taron nan tsigar jikina ta tashi, na ji ina cikin wani babban abu, na ji duniya ce ta taru a kanmu mu kuma mun tsaya. Maganar Tafida tana nan a raina, amma na tura ta wani lungu na rufe. Mutum yana iya sanin gaskiya ya ajiye ta gefe, in dai kowa a kusa da shi ya ajiye tasa.

Da na dawo Baba ya kalli bajon ya ce in cire kafin in shiga ɗakin Inna. Shi ke nan.

A Afrilu jam'iyyu biyar ɗin da gwamnati ta yi wa rajista, UNCP da DPN da CNC da NCPN da GDM, kowace ta yi taro ta tsayar da mutum ɗaya takarar shugaban ƙasa, mutumin da ba ɗan ko ɗaya daga cikinsu ba ne, kuma bai taɓa buɗe baki ya ce yana so ba. Bola Ige ya kira su yatsu biyar na hannun kuturu. Abin alfahari ga Katsinawa, wanda ya tsaya ya ja da Abacha har filin taron GDM a Maiduguri namu ne, M.D. Yusufu, tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda. Ya san ba zai ci ba, ya tsaya. A lokacin dariya muka yi masa. Ranar 8 ga Yuni 1998 Abacha ya rasu, aka binne shi a Kano a ranar. Cikin mako guda bajon nan ya ɓace daga ƙirjin kowa. Waɗanda suka rantse ƙasa za ta wargaje in babu shi su ne suka fara zuwa jaddada goyon baya ga Abdulsalami.

Bayan shekaru na karanta labarin Koriya ta Arewa, sai na ga inda hanyar da muka ɗauko take ƙarewa. Kada a fahimce ni ba daidai ba, Najeriyar Abacha ba ta kai ko kusa ba. Can tun 1948 gida ɗaya ke mulki, kaka da ɗa da jika. Kowane baligi yana maƙale da bajon shugaba a ƙirji, kowane gida da hotonsu a bango, ana zuwa duba ko an goge ƙura. An kasa mutane aji-aji gwargwadon biyayyar kakanninsu, ajinka shi zai nuna inda za ka zauna da makarantar da ɗanka zai shiga. Kowace unguwa da mai kai rahoton wanda ya kwana da baƙo. Duk mako a taru kowa ya tashi ya faɗi laifinsa ya faɗi na maƙwabcinsa. A daidai shekarun da muke layin mai, su yunwa ce ta kashe musu dubban ɗaruruwan mutane, aka ce musu Amurka ce da ambaliya, kuma sauran duniya ta fi su wahala. A 1997, ana tsakiyar yunwar, gwamnati ta sauya kalanda ta fara ƙirga shekara daga 1912, shekarar haihuwar Kim Il Sung.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne rediyonsu. A can in ka sayi rediyo, an riga an liƙe ta a tashar gwamnati, an buga mata hatimi, ana zuwa dubawa. Murɗa ta zuwa tashar waje laifi ne da ke kai mutum sansanin gwale-gwale. Na tuna Baba da eriyarsa. Da a can aka haife shi, babu inda zai ji labarin Abakaliki, babu tambayar da zai yi mini. Bajo mun samu, jam'iyya ɗaya mai suna biyar mun samu, maƙiyin waje da ake jingina wa komai mun samu. Rediyon ce kawai ba su iya liƙewa ba, sai kuma 'yan jaridar Tell da TheNews da Tempo da suka riƙa buga mujalla a ɓoye ana farautarsu, waɗanda mu a nan muke kira maƙiya.

Su kuma maƙiyan nan, yawancin abin da suka rubuta ya tabbata. A zaman kwamitin Oputa a 2000 da 2001 mun ga jami'an tsaron gwamnatin suna tona wa juna asiri a talabijin. Sajan Rogers ya faɗa da bakinsa cewa shi ya harbi Kudirat Abiola, wadda aka kashe a Legas ranar 4 ga Yuni 1996. Adalci ne in ƙara da cewa Manjo Hamza Al-Mustapha, da aka yanke wa hukuncin kisa a kan lamarin a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 2013. Kuɗi kuwa har yau dawowa suke yi. Switzerland ta maido da dala miliyan 321 da aka ce an raba wa talakawa a zamanin Buhari. A 2020 an maido da sama da dala miliyan 300 daga tsibirin Jersey, aka ce wani kaso zai tafi titin Abuja zuwa Kano, titin da muka bi muka je gangami. Buharin da ya karɓi kuɗin nan shi ne ya ce a Kano a 2008 Abacha bai saci komai ba. Har yanzu akwai masu ce maka ai ajiya ya yi mana don kada Turawa su ƙwace. Ajiya a bankin Turawan, da sunan 'ya'yansa da abokansu. Shekara kusan talatin da rasuwarsa, karatun da aka ɗora mana bai goge ba, har mun koya wa yaran da ba su gan shi ba.

Shi ya sa nake kallon maƙwabta da fargaba. Ban ce Faransa ba ta cuci Nijar da Mali da Burkina ba, ta cuce su, wanda ya san tarihin yuraniyom na Arlit ba zai musa ba. Amma sojojin Nijar sun rufe RFI da France 24 a Agustan 2023, sun dakatar da BBC wata uku a Disambar 2024 saboda labarin wani hari da suka ce ƙarya ne, sun rushe jam'iyyu a 2025, Janar Tiani ya ba kansa shekara biyar. Mali ma ta rushe nata. A Burkina ana kama mai sukar gwamnati, ɗan jarida ko alƙali ko likita, a sa masa kaki a tura shi fagen daga. Bidiyoyin Traore da ke yawo a wayoyinmu, na gidaje kyauta da manyan mawaƙan Amurka suna yabonsa, da yawa na'ura ce ta haɗa su. Mutanen Maraɗi da Damagaram 'yan uwanmu ne, BBC Hausa ɗin da Babana ke ji ita iyayensu ke ji. Ranar da na ji an ɗauke ta daga FM a can, Baba na tuna.

Ya rasu a 2011, Allah ya jiƙansa. Da muka zo rabon kayansa muka tarar da rediyon a ƙarƙashin gado, robar ta narke ta manne da murfin. Bajon kuma Inna ce ta adana shi a cikin wata tsohuwar kwalla tare da katin rigakafinmu, ta ce ta zaci wata lambar yabo ce aka ba ni a makaranta. Jiya na kira ɗan yayata na ce in ya zo gida da Sallah ya tuna mini in nuna masa. Ya ce, Kawu, da gaske kana da na asali? Don Allah ka ba ni in ɗauka in ɗora.